Mai Ɗumi da Injin da Ke Barci

A duk tashar babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Ɗumi ake ce masa, tun daga manaja har mai shara, har matarsa ma idan raha ta motsa mata. Direban jirgin kaya ne, dogo, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda jingina da taga shekara da shekaru. Idan yana magana sai ka ce wani yake kira daga ƙetaren rafi. Ba faɗa ba ne, kunnensa ne ya saba da rurin inji har ya manta yadda ake magana a ɗaki.

Ba da tuƙi ya fara ba. Da tsumma ya shiga aikin jirgi, yana goge maiƙo a gareji. Daga tsumma aka ba shi gwangwanin giris, daga giris ya zama mataimakin direba, mai leƙa taga yana duba hanya, mai sauka ya duba birkin taragai. Sai da ya haifi 'ya'ya uku sannan aka ba shi kujerar direba. Ranar da ya dawo gida da labarin, matarsa ta ce ita ba ta ga abin da ya canza ba, wankin kayansa dai sai an jiƙa su kwana guda kamar da.

A zamanin da ya koyi aiki kawunan jirage tsofaffi ne, batiransu kuma sun gama gajiya. In ka kashe inji, Allah kaɗai ya san ko zai sake tashi. Yana mataimaki, wani direba mai kirki da yake bi ya taɓa kashe inji a wata mahaɗa cikin daji, don tausayin man kamfani. Inji ya ce bai san zancen tashi ba. Suka kwana biyu a wurin da taragai cike da taki, ruwan sama ya sauka, rufin wasu yana yoyo, taki ya narke ya riƙa bin ƙafafun jirgi. Wannan bawan Allah aka sauke shi daga kujera, ya ƙare aikinsa yana ɗaga tuta a bakin ƙofa. Mai Ɗumi bai taɓa manta yadda mutumin yake sunkuyar da kai ba idan tsofaffin abokansa suka wuce shi a kan jirgi.

Saboda irin wannan ne direbobi suke da wata doka tasu da ba a rubuta ko'ina ba. Inji ba a kashe shi a hanya. Kuma ba a miƙa wa ɗan'uwa inji mai sanyi. Wanda ya zo karɓarka, kafin ya gaishe ka sai ya ɗora bayan hannunsa a jikin ƙarfen. In ya ji ɗumi ya ce Allah ya yi albarka, sannan a gaisa. In ya ji sanyi kuwa, to ka shiga bakin mutane har wata ya mutu. Shi dai tsawon aikinsa ba a taɓa samun sanyi a hannunsa ba, daga nan sunan ya bi shi.

'Ya'yansa duk sun watse, kowa da inda abincinsa ya kai shi, sai auta. Ita ce ta gaji son ƙarfe. Tun tana ƙarama in rediyo ya lalace sai a same ta ta buɗe bayansa da wuƙar yanka albasa. Ta yi karatun injiniya, Allah kuma ya nufa ta samu aiki a kamfanin da ubanta yake, a ofishin sama, inda ake shawarar abin da za a saya da abin da za a bari. Tun ranar farko suka yi yarjejeniya da ita. Zancen aiki a bakin ƙofa yake tsayawa, tare da takalma. Ita ba ta son a ce ubanta ne ke tura ta, shi kuma ba ya son a ce 'yarsa ce ke kare shi. Da safe tare suke fita, amma suna isa ƙofar tasha shi ya yi dama wajen gareji, ita ta hau bene, kamar waɗanda ba su san juna ba.

Ana nan, ya rage masa 'yan shekaru ya ajiye aiki, sai kamfani ya ga tsofaffin kawunan nan ba su da sauran mamora. Mai suke sha kamar an zuba wa rairayi, tsadar ɗaukar kaya ta yi yawa, masu siminti da masu hatsi sun fara komawa ga manyan motoci. Aka yanke shawarar sayen sababbi. Kamfanoni biyu suka kawo kai ɗaya ɗaya don gwaji. Sunayensu haruffa ne da lambobi, direbobi ba su wahalar da bakinsu ba, suka duba fenti suka ce Ja da Kore.

Ja ƙato ne, mai murya irin ta tsofaffin, in ya yi gunji sai kofunan shayi su motsa a kan tebur. Makanikai suka buɗe cikinsa suka ga kamar sun shiga ɗakinsu, kayan gyaransa ma da yawa suna nan a sito. Ga ƙarfi a hawa, ga shi ya fi araha. Kore kuwa ya fi tsada, bai kai Ja ƙarfi ba, kuma in ana tafiya tsimin man da yake yi bai taka kara ya karya ba. Abu ɗaya gare shi. In ya tsaya ya ɗan jima ba a taɓa shi ba, sai ya kashe kansa da kansa, ya yi barci. In direba ya tura hannun tuƙi sai ya farka.

Auta ce ta dage a saka Kore cikin gwajin. Hujjarta ita ce layin nasu guda ɗaya ne, jirgin kaya kusan rabin yininsa a tsaye yake, yana jiran lodi, yana jiran jirgin fasinja ya wuce, yana jiran a buɗe masa hanya. Ta ce ba a tafiya mansu ke ƙarewa ba, a tsayuwa ne. Ta miƙe ta faɗi haka a taron da duk waɗanda ke ciki sun haife ta, alhali ko tabbatar da ita a aiki ba a yi ba tukuna. Babban injiniya, wanda tuni zuciyarsa ta kwanta da Ja, ya dube ta ta saman tabarau. Manaja ne ya ce, “To, 'yata, mun ji. In ya yi, naki ne. In bai yi ba, shi ma naki ne.” Kowa a ɗakin ya gane nufinsa. In Kore ya kunyata ta, ba za ta zauna a ofishin sama ba.

Duk wannan Mai Ɗumi bai sani ba, saboda a bakin ƙofa aka bar zancen.

Shi aka fara ba Kore, don shi ne babba. Ranar da aka kawo injin wani dillali mai ƙamshin turare ya tara direbobi ya yi musu dogon bayani, su kuwa suka yi ta gyaɗa kai. Kowane dillali ai kayansa ba su da aibi. Suna cikin tafiyar farko Mai Ɗumi ya tsaya a wata ƙaramar tasha yana jiran hanya, yana ɓare gyaɗa, sai wata fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, inji ya ja numfashi ya yi shiru. Mai Ɗumi ya zabura. Ya watsar da gyaɗar, ya cafki hannun tuƙi yana salati, inji ya tashi. Sai da ya share gumi sannan ya fara nazarin abin. Kafin su kai inda za su ya gano cewa in kana ɗan taɓa hannun jefi-jefi, injin ba ya samun damar runtsawa.

Da ya dawo ya shiga ɗakin da direbobi ke shan shayi, ya ba su labari, ya nuna musu da hannu yadda ake yi.

Gajere, abokinsa tun zamanin tsumma, wanda yakan karɓe shi aiki, ya buga cinya ya ce, “Inji mai gyangyaɗi a bakin aiki! Ni da na tsufa ban yi ba sai shi ɗan jiya?”

“Kai ai a tsaye kake naka barcin, shi ya sa ba a kama ka,” in ji wani daga can lungu.

Aka yi dariya, aka sa wa Mai Ɗumi albarka. Daga ranar duk wanda ya hau Kore haka yake yi masa. Ba da mugunta ba, su a ganinsu rufin asirin juna suke yi.

Akwai wani dattijo mai zuba wa jirage mai, shi ke auna abin da kowane kai ya sha da wata doguwar sanda mai zane-zane. Duk dawowa sai ya tsoma ta cikin tanki, ya zaro, ya duba, ya aika sama. Mako ya bi mako, sandar nan ba ta nuna wani bambancin kirki tsakanin Ja da Kore ba. A gida kuwa Auta ta fara juya cokali a cikin abinci ba ta kai shi baki. Uwarta ta tambaye ta ko zazzaɓi ne, ta ce a'a. Ta tambaye ta ko wani ne ya ɓata mata rai, ta ce babu. Mai Ɗumi ya lura wuyanta ya ɗan yi tsawo, ya sayo mata kifi har sau biyu, bai dai tambaya ba.

Wata ranar hutu suna cin abincin rana a tsakar gida, nishaɗi ya kama shi har ya tsallake yarjejeniyar bai sani ba.

“Uwar Auta, kin san sabon injin nan, Kore? Rago ne na ƙin ƙarawa. Da ka tsaya sai ya mace maka a hannu. Amma na yi maganinsa.”

“Kai da ba ka rasa magani,” in ji ta, tana zuba masa ruwa.

“Ɗan taɓa hannun kawai za ki riƙa yi, haka, kamar mai jijjiga jariri. Tun ranar farko ban bar shi ya runtsa ba. Na kuwa koya wa sauran duka, har Gajere mai taurin kai.”

Auta ta ajiye cokali a hankali.

“Baba, ku ne?”

“Mu ne me?”

Ta dube shi ta dube shi, sai ta fashe da dariya, dariyar kuma ta juye kuka, ta rufe fuska da gefen mayafi. Uwarta ta dafa ta tana tambayar lafiya. Da ƙyar ta iya magana.

“Sau biyu ina sa a buɗe na'urar barcin nan. Na kira masu shi a waya har sun gaji da muryata. Su ce lafiyarta ƙalau, ni in ce ƙarya suke yi. Ashe babana ne.”

Nan ta kwashe komai ta faɗa masa, taron, da maganar manaja, da cewa ƙarshen makon nan za a sa hannu a sayi Ja, ita kuma a mayar da ita sito tana ƙirga kusoshi, in ma an bar ta.

Mai Ɗumi ya ji kamar an zare masa kujera, amma bakinsa bai yarda da wuri ba.

“Inji ba a kashe shi a hanya. Ke ba ki taɓa kwana a daji da mataccen inji ba.”

“Wancan na da ne, Baba. Wannan shi ke lura da batirinsa. In ya ji ya yi ƙasa, shi zai tada kansa, ba sai an roƙe shi ba.”

“Wa ya ce?”

“Ai an faɗa muku ranar da aka kawo shi.”

“Dillali ne ya faɗa.” Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, irin wadda ba a saba ji daga gare shi ba, “To ke me ya hana ki gaya mini?”

“In gaya maka a gida, a ce na haɗa baki da ubana?”

Matarsa ta tattara kwanuka tana girgiza kai. “Madalla da ku. Ɗaya na gini, ɗaya na rushewa, kuma ni ke dafa muku abinci duka.”

Ya fita ya zauna a bakin ƙofa har aka kira la'asar. Abin da ya fi cinsa ba kuskuren ba ne, yadda ya tsaya a tsakiyar ɗakin shayi yana koyar da shi ana sa masa albarka. Ya yi salla, ya daɗe a zaune bayan sallama. Da ya shigo sai ya tambayi inda aka ajiye hularsa ta fita.

Washegari, maimakon ya yi dama wajen gareji, ya bi bayan 'yarsa ya hau bene. Tsawon aikinsa sau ɗaya ya taɓa hawa benen nan. Ya tarar da manaja tare da babban injiniya, ya cire hula, ya faɗi abin da suka yi wa Kore, har da nuna jijjigar da hannu. Manaja ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Babban injiniya kuwa ko murmushi.

“Uba ya zo ceton 'yarsa,” in ji shi.

“'Yata ce, yallaɓai, ba zan musa ba. Amma ni Ja nake so, a tambayi kowa a ƙasa. Sai dai ba a yi wa Kore adalci ba, kuma da hannuna aka hana shi. In ana tsoron zan yi son kai, a haɗa ni da Gajere. Duk garin nan babu wanda ya kai shi ƙin injin nan.”

Manaja ya dubi babban injiniya, ya ɗan buga biro a kan tebur, ya ce ya ƙara musu mako biyu, ba ƙari.

Ashe hawa bene shi ne mai sauƙi. A ɗakin shayi aka yi masa ca.

“Kai? Kai da sunanka za ka ce a bar inji ya huce?”

“To mu canza masa suna mana,” in ji na lungu. “Mai Sanyi.”

“Mu dai sai mun gani da ido,” in ji Gajere. “Kuma ba a nan bakin gareji ba, inda makanikai ke kusa. A mahaɗar daji.”

Mahaɗar daji ita ce wuri mafi nisa da taimako a duk layin. Nan jirgin kaya ke raɓewa a gajeren layi ya jira na fasinja ya wuce, kuma na fasinja bai san cika alkawari ba. Mai Ɗumi ya ce ya yarda, ko da yake cikinsa bai yarda ba.

Da safen tafiyar zai fita, matarsa ta kira shi ta danƙa masa carbinta a tafin hannun dama.

“Hannun nan naka ba ya jin magana. Ba shi aikin yi.”

A tasha ya tarar da Gajere ya zo da kaya kamar mai ƙaura. Ga tabarma a naɗe, ga bargo, ga buta, ga burodi cikin leda, har da maganin sauro.

“Ina za ka da wannan duka?”

“Inda za ka kai mu. Ni ba zan kwana da yunwa saboda 'yar wani ta yi boko ba.”

Suka ja taragan siminti suka kama hanya. Rana ta take tsaka suka isa mahaɗar. Wuri ne fili, ciyawa iya gani, itace ɗaya, sai ɗan gidan mai canza hanya da kaji suna tono a gabansa. Mai Ɗumi ya shigar da jirgi gajeren layi, ya ɗaure birki, ya ɗora hannayensa biyu a cinya. Ya fara jan carbi. Gajere ya zuba masa ido kamar mai gadin ɓarawo.

Fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf. Hannunsa ya tashi da kansa, ya kai rabin hanya, ya dawo da shi ya danne da na hagu. Inji ya ja numfashi, kujerar da ke rawa a ƙarƙashinsa ta daina, komai ya tsaya.

Bai taɓa zama cikin shiru irin wannan a kan jirgi ba tun yana saurayi, kuma wancan shirun bai bar masa alheri ba. Ƙarfe ya riƙa yin ƙas, ƙas, yana hucewa. Iska na kaɗa ciyawa. Ya ji kukan cikinsa, ya ji numfashin Gajere mai ɗan fito. Gumi ya bi bayan kunnensa ya gangara cikin riga.

“Inna lillahi,” in ji Gajere. “Shi ke nan, ya cika. Bari in je in shimfiɗa tabarma tun da sauran rana.”

Sai ga matar mai canza hanya ta fito da sauri tana goge hannu a zane, ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai.

“Baba direba, lafiya? Ya lalace ne? In kira maigidan ya buga waya?”

“Lafiya lau, 'yata. Barci yake.”

“Barci?” Ta dubi injin, ta dubi gidanta. “To don Allah kada ku tashe shi. Tun da aka kawo mu nan, in jirgin kaya ya tsaya ko kiran juna ba ma ji, ga hayaƙi a kan shanya.”

Jirgin fasinja ya yi latti kamar yadda ya saba. Carbi ya zagaya, ya sake zagayawa. Mai Ɗumi ya riƙa satar kallon allon da ke gabansa, bai ma san abin da yake nema a kai ba. Gajere ya sauka ya haɗa shayi a gidan mai canza hanya, ya dawo ya jingina da jikin injin yana hurawa, yana ba matar labarin yadda za su kwana a nan da yadda zai ba da labari a tasha. Bai kai ƙarshen zancen ba, Kore ya yi gyaran murya ya tashi da kansa. Gajere ya yi tsalle ɗaya, kofi ya yi gabas, takalminsa ya yi yamma, kaji suka watse.

“Kai ka taɓa shi!” ya yi ihu.

Mai Ɗumi ya leƙo ta taga ya ɗaga hannayensa biyu sama, carbi na lilo a ɗaya. Dariya ta ci ƙarfinsa har hawaye. Injin ya ɗan yi aiki, ya cika iskar birkinsa, ya ƙara wa batirinsa wuta, sannan ya koma ya kwanta abinsa.

Can sai ga na fasinja ya wuce da ƙararsa, aka ba su hanya. Gajere ya hau, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya tsaya a bayan abokinsa. Mai Ɗumi ya yi bisimilla ya tura hannun. Inji ya amsa nan take, taragai suka ja juna ɗaya bayan ɗaya, suka hau babban layi. Sun yi nisa sosai sannan Gajere ya buɗe ledar burodi ya gutsura ya miƙa masa.

“Ci. Tunda ba a kwana ba, kada ya lalace.”

Da suka dawo, dattijon nan ya tsoma sandarsa a tanki ya zaro. Ya duba, ya goge ta da tsumma, ya sake tsomawa. Ya karkatar da ita wajen haske, sannan ya dubi Mai Ɗumi da tuhuma.

“Wa ya ƙara muku mai a hanya?”

“Tambayi Gajere, shi ne shaida.”

Gajere kuwa a ɗakin shayi ya ba da labarin yadda ya ga dama, ya tsallake zancen kofi da takalmi. Amma ya faɗi gaskiyar abin da ya fi muhimmanci, kuma da yake daga bakinsa ta fito, aka karɓa. Sauran direbobi suka riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce zama ya yi a kan hannunsa, wani ya ce sauka yake yi ya zagaya jirgi don kada ya gani. Akwai mutum ɗaya da har mako biyun suka ƙare bai daina satar taɓawa ba, kowa ya san shi, aka ƙyale shi. Duk da haka sandar dattijo ta riƙa faɗin magana ɗaya kullum.

Auta ma ta ɗauki nata darasin. Wata rana ta sauko daga bene ta shiga ɗakin shayi, inda ba a taɓa ganin ɗan ofis ba, ta zauna a bakin benci ta ce ta zo jin ta bakinsu. Ubanta ya sa ido a cikin kofinsa. Gajere ne ya fara magana. Ya gaya mata cewa Kore yana da kirki a fili, amma a babban hawan nan na kusa da inda ake fasa dutse, in kaya sun cika kuma ruwa ya jiƙa layi, ƙafafunsa sulɓewa suke yi, Ja kuwa haurawa yake kamar ba a ɗora masa komai ba. Ta bi su har wurin ta gani da idonta. Da ta koma gaban manaja ba ta ce a sayi Kore kaɗai ba. Ta ce a sayi Kore da yawa don fili da jira, a sayi Ja guda biyu don dutse. Babban injiniya ya cire tabarau ya ce wannan magana ce. Haka aka yi, ita kuma aka tabbatar da ita a kujerarta.

Ranar da labarin ya iso gida uwarta ta yi sujada a nan tsakar gida, ta tashi ta ce yanzu sai a ci abinci kamar mutane.

Bayan wasu watanni sababbin kawunan suka iso, aka ce duk direba sai ya zauna aji ya koyi sirrinsu, kuma Auta aka ba koyarwar. Ta shigo da safe ta tarar da manyan mutane masu furfura sun cika bencina, ubanta a layin gaba, ya sa rigarsa mai guga, ya harɗe hannu. Ta fara bayani. Ba ta yi nisa ba ubanta ya ɗaga yatsa. Ta tsaya, ta rasa da wane suna za ta kira shi a gaban jama'a.

“Na'am, Ba… direba?”

Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa ko a jikinsa, ya miƙe tsaye kamar ɗan makaranta, da muryar nan tasa da ake ji har waje.

“Malama, a ɗan rage sauri. Wasu daga cikinmu kansu ya yi tauri, ba zan dai kama suna ba, ga shi nan a bayana.”

“Ni na riga ka ganewa,” in ji Gajere. “Ci gaba, 'yata, rabu da shi.”

Ta juya ga allo tana danne dariya, ta sake farawa daga farko, a hankali.